Masu hawan duwatsu, ku fara da ƙofar mai unguwa

A 'yan shekarun nan matasan Kano da Dutse sun rungumi al'adar fita ƙarshen mako zuwa duwatsun Riruwai da Rurum da Birnin Kudu, suna tattaki a ƙasa ƙungiya-ƙungiya. Abin a yaba ne, domin jiki na samun lafiya, yaran birni kuma suna sanin ƙasarsu. Abin da ke damuna shi ne da yawansu suna shiga waɗannan wurare kamar babu masu su.

Turbar da baƙo ya ɗauka ta yawon buɗe ido ce, ita manomi ke bi zuwa gonarsa, wani lokacin ma burtali ne na shanu. Saboda haka kafin a taka dutse ya kamata a je a gaida mai unguwa ko dagaci, a faɗi yawan mutane da lokacin dawowa, a nemi ɗan gari ya yi jagora, a kuma biya shi haƙƙinsa ba tare da ƙyashi ba. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ɗan gari ne ya san dutsen da ke santsi bayan ruwan sama, da kogon da zuma ta yi gida, da rafin da ke cika farat ɗaya a watan Agusta. A dajin Falgore kuwa, wanda gwamnatin tarayya ta amince a 2020 a mayar da shi gandun daji na ƙasa tare da dausayin Haɗeja, maganar ta wuce ladabi, domin dajin ya yi fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, kuma bai kamata kowa ya kutsa ba tare da ma'aikatan gandun ba.

Haɗarin da aka fi rainawa shi ne maciji. Kububuwa tana kwanciya tsakanin duwatsu da busasshiyar ciyawa, launinta ya saje da ƙasa, don haka hawan dutse da silifa ko cusa hannu a rami ganganci ne. Idan tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin da reza, kada a ɗaure tamau, a ɗauki mutumin a gaggauta kai shi asibiti. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, sai a fita bayan asuba da isasshen ruwa, a sauko kafin azahar.

Ledar da aka yar saniya ke haɗiyewa, asarar kuma ta makiyayi ce. Guntun sigari ɗaya a hunturu ya isa ya cinye kiwon ƙauye guda. Ɗaukar hoton mata a bakin rijiya a watsa a TikTok ba tare da izininsu ba cin mutunci ne, ko da mai yin bai nufa ba. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude na Birnin Kudu akwai zanen shanu da mutanen dā suka bari a jikin dutse, kuma duk wanda ya shafa su ko ya rubuta sunansa da gawayi a gefensu ya ɓata abin da ba a iya mayarwa.

Ƙananan hukumomin Doguwa da Rano da Birnin Kudu, inda waɗannan duwatsu suke, na iya yi wa 'yan jagora rajista daga cikin matasan ƙauyukan, su ƙayyade kuɗin aikinsu, su kafa allunan gargaɗi a mashigar kowace turba.