Taron Masu Ruwa da Tsaki a Ƙarƙashin Gada

Da hantsi ne, a ƙarƙashin wata gadar sama a Kano. Ba zan faɗi wacce ba, don kullum ta nan nake bi. An jera kujerun roba na haya kusa da teburin Mai Shayi, an ɗaure wani ƙaton hoto a jikin ginshiƙi. Ɗan Boko ya buɗe kwamfuta, Alhaji Ɗan Kwangila yana gefe yana kaɗa makullin mota.

Ɗan Boko: Jama'a, salamu alaikum. Kamar yadda aka sanar, wannan taro ne na masu ruwa da tsaki a kan aikin ƙawata wannan gada.

Mai Shayi: To ai ka zo gida, yallaɓai. Ruwa ga shi can yana tafasa, tsakin kuma tun da na ji za a tashe ni nake yin sa.

Mai Unguwa: Kai, bari yaro ya yi bayani. Ɗana, yaya ake tsara irin wannan aiki? Mu dai sai mu wayi gari mu ga an kewaye wuri da kwano.

Ɗan Boko: Ranka ya daɗe, abin yana da matakai. Ma'aikata ta rubuta takarda, majalisar zartarwa ta amince, a duba ko yana cikin kasafin kuɗi. Sai a ɗauko masu zane su zana, masu ƙididdiga su lissafa bokitin fenti nawa, fitila nawa. Sai a tallata kwangila a jarida, kamfanoni su yi takara. Kuma dole a ji ra'ayin jama'ar wurin.

Mai Unguwa: Madalla. Yanzu muna wane mataki?

Ɗan Boko: Jin ra'ayin jama'a.

Mai Unguwa: Ita kwangilar yaushe za a bayar?

Alhaji: Alhamdu lillahi, Baba, har an ba da kafin alƙalami.

Mai Unguwa: Au! An ɗaura aure, an ci goro, sannan aka zo tambayar yarinya ko tana so. To ra'ayin namu ina za a sa shi?

Ɗan Boko: A fayil, ranka ya daɗe.

Bazazzagi, wanda ya tsaya shan shayi kafin motar Zariya ta cika, ya matso ya ƙura wa hoton ido.

Bazazzagi: Malam, wannan wane gari ne?

Ɗan Boko: Nan ne. Haka wurin zai koma bayan an gama.

Bazazzagi: Nan? Ina adaidaita sahun? Ina masu tura ruwa? Na ga mutum huɗu kacal, ɗaya ma mace ce tana jan kare da igiya. Ni ban taɓa ganin Kano haka ba sai Asabar ɗin ƙarshen wata, kafin ƙarfe goma, lokacin da aka tsare kowa a gida don shara.

Ɗan Boko: Mutanen a cikin manhajar zanen suke zuwa.

Mai Shayi: A manhajar babu mai shayi? Shekara tara ina nan wurin. Nuna min teburina.

Ɗan Boko: Inda kake nan, ka ga wannan kore-koren? Ciyawa ce za a shimfiɗa, da furanni.

Ɗan Fulani, da ke tsugune da sandarsa a kafaɗa, ya miƙe tsaye.

Ɗan Fulani: Aradu wannan gwamnati ta san talaka. Ciyawa har da rani?

Ɗan Boko: Har da rani.

Ɗan Fulani: Na goyi baya. A rubuta sunana.

Ɗan Boko: Ka gani ko, Alhaji? Jama'a na so.

Mai Unguwa: Tsaya tukuna. Ruwan sama a garin nan daga wajen Yuni ne zuwa Satumba. Sauran wata takwas wa zai ba ciyawar ruwa? Kuma a ƙarƙashin gada ko da damina ruwan bai taɓa ta, sai wanda ya tsiyayo ta bututu ya haƙa rami. Rana ma ba ta samu sosai.

Ɗan Boko: Wannan yana ƙarƙashin kula da aiki bayan kammalawa.

Mai Unguwa: Nawa aka ware masa?

Ɗan Boko ya yi ta jan yatsa a kan kwamfuta, sama da ƙasa.

Ɗan Boko: Akwai kuɗin rumfa da kujeru na ranar buɗewa. Akwai na makaɗa. Akwai almakashi da ƙyallen da za a yanka.

Mai Unguwa: Na ruwa nake tambaya.

Ɗan Boko: Akwai katan arba'in na ruwan roba, na manyan baƙi.

Alhaji: Baba, kada ka damu. Ni aikina ya kai ranar da aka yanka ƙyalle yana kore shar. In ta bushe bayan nan, ai sai a sake ba da kwangilar shuka. Arzikin wani a jikin wani yake.

Bazazzagi: Ka ji Bakano! Ko makabarta aka ba shi ya ƙawata, sai ya tambayi ranar da za a sake.

Alhaji: Kai rufe mana baki, bawanmu. Ku da kuka rasa sunan da za ku sa wa unguwa sai Kwangila? Har gadar sama kuka yi a wurin.

Bazazzagi: Mu suna muka ɗauka, ku kuka ɗauki kuɗin.

Ɗan Boko: Don Allah a dawo kan batu. Abu na biyu shi ne fenti. Muna son jin launin da jama'a suka fi so.

Nan wuri ya yi tsit. Duk wanda ya zauna a Kano ya san tambayar launi ba tambayar launi ba ce.

Mai Shayi: Ni dai ba ni da jam'iyya, kowa na shan shayina.

Mai Unguwa: Ɗana, kai yaro ne. In ka shafa ja da fari, an san gidan da ka dosa. In ka shafa wani, a ce ka yi wa waɗancan aiki. Gadar Ƙofar Nassarawa a zamanin Kwankwaso aka yi ta, ta Dangi a zamanin Ganduje, ta Sabon Gari ɗaya ya fara ɗaya ya ƙarasa, kuma har yau in ka hau adaidaita sai ka ji ana musun ta wane ce. Siminti ma bai tsira ba, balle fenti.

Alhaji: Ni ko wane launi aka ce ina da shi a sito. Fatana dai a riƙa canja ra'ayi duk shekara huɗu.

Mai Unguwa: Ka tuna shataletalen gidan gwamnati? Wanda aka gina don cikar jihar Kano shekara 50 a 2017? Mutane har hoton aure suke zuwa ɗauka a gabansa. A watan Yunin 2023 aka wayi gari babu shi.

Alhaji: Na tuna, Baba. Abin ya taɓa ni ƙwarai. Ba ni na gina ba, ba ni na rushe ba.

Bazazzagi: Ni ina da shawara kyauta. Ku shafa launin ƙura. Kafin hunturu ya fita ko me kuka shafa can zai koma, kun ga kun riga shi.

Ɗan Boko: A rubuce muna da fari tas, mai ƙyalli.

Mai Shayi: Fari? Yallaɓai, ɗaga kai ka dubi ginshiƙin nan. Kirga min.

Ɗan Boko: Takardun talla ne.

Mai Shayi: Hawa bakwai ne. Na ƙasa ɗan takarar kansila ne, ya faɗi. A kansa mai maganin basir. A kansa wa'azin ƙasa. A kansa sanata, shi ma ya faɗi. A kansa makarantar koyon kwamfuta. Mai basir ya dawo. Na saman nan kuma na 2027 ne, tun yanzu. Ka shafa farin fenti yau, gobe da asuba yaran masu liƙa takarda sun iso da bokitin sitati, suna yi maka addu'a don ka share musu allo.

Ɗan Boko: Za mu rubuta "An hana liƙa takarda a nan."

Mai Shayi: Kamar yadda aka rubuta "An hana fitsari a nan" a wancan lungun? Je ka tsaya can minti ɗaya ka dawo mu ji.

Ɗan Boko bai je ba.

Ɗan Boko: To fitilu. Za a sa fitilu masu aiki da hasken rana, masu canja launi, ja, kore, shuɗi.

Mai Unguwa: Batirin a ina zai zauna?

Ɗan Boko: A cikin akwatin ƙarfe.

Mai Unguwa: Akwatin fa?

Ɗan Boko: A cikin keji, da kwaɗo.

Mai Shayi: Ka haɗa wa 'yan jari-bola kaya uku a wuri ɗaya. Yallaɓai, ka san abin da ya sa murfin kwatar nan yake nan har yau, alhali na gaba da na baya duk sun tafi? Don ƙafar teburina a kansa take. Ni nake nan har ƙarfe biyun dare, mai faci ya karɓe ni da asuba. Ba a biyan mu ko sisi. Yanzu za ku tashe mu ku shuka fure, furen ne zai yi ihun ɓarawo?

Ɗan Boko ya ɗan yi shiru, sannan ya rubuta wani abu. Wannan ne karo na farko da alƙalaminsa ya taɓa takarda.

Mai Unguwa: In ado ake so na gaskiya, ai ba mu rasa ba. Je ka dubi zanen bangon gidan Sarki, ka shiga Gidan Makama, ka ga dagi da zayyanar maginanmu. A zana irin wannan a jikin siminti tun yana ɗanye, ba ya neman ruwa, akuya ba ta ci. Can gefe inda rana ke samu a dasa darbejiya, ita da ta kama shi ke nan. A yi wa masu sana'a rumfuna a jere, a ɗora musu sharar wurin.

Alhaji: Baba, wannan duka nawa zai ci?

Mai Unguwa: Kaɗan.

Alhaji: To ka ga matsalarsa.

Ɗan Boko: Gaskiya shawarar tana da kyau. Sai dai zanen an riga an amince da shi, in aka taɓa sai an koma majalisa. Zan sa a fayil. Yanzu don Allah kowa ya sa hannu a nan, sannan a tsaya a yi hoto, a nuna an tuntuɓi jama'a.

Mai Shayi: Kafin hoto, shayi goma sha ɗaya, biredi huɗu, ƙwai shida na Alhaji.

Alhaji: Rubuto takarda, za a duba a kasafin baɗi.

Mai Shayi: Ba komai. Yaro, kwance min hoton can. Daman ledar teburina ta yage.

Aka kwance hoton aka shimfiɗa a teburi, aka ɗora gwangwanayen madara a kan matar mai kare. Alhaji ya nufi mota, Ɗan Fulani ya bi shi da sauri.

Ɗan Fulani: Alhaji! Ciyawar nan ranar wace kasuwa za a shimfiɗa? Don in sanar da 'yan'uwa, su arba'in ne, ban da maruƙa.