Wai malama ta ɓata wa yara lokaci da labarin tsuntsaye

Wato duk laifin malamar nan shi ne ta karanta wa 'yan aji huɗu littafin labari a darasin kimiyya. Shi ke nan fa. Ba dukan ɗan kowa ta yi ba, ba fashin aji ta yi ba. Littafi mai hotuna ta ɗauko a kan tsuntsayen da ke ƙaura, ta zaunar da yara ta karanta musu, shi ne iyaye suka tayar da jijiyar wuya a wajen taro, har hedimasta ya kira ta ofis ya ja mata kunne. Wai kuɗin makaranta suka biya, ba kuɗin tatsuniya ba. Sannunku da aiki, manyan masana.

Na san abin da kuke so. A cika allo da rubutu, yaro ya yi ta kwafa har yatsunsa su ƙage, ya haddace cewa ƙaura ita ce tashin dabba daga wani wuri zuwa wani, ya juye a takardar jarrabawa, bayan sati biyu ya manta. Ku buɗe littafinsa ku ga jan biro, hankalinku ya kwanta. Wannan hadda ce, ba kimiyya ba. Kimiyya da tambaya take farawa, yaro kuwa ba ya tambaya a kan abin da bai dame shi ba. Labari ne ke sa abu ya dame shi.

'Yar ƙanwata tana cikin ajin. Ranar da ta dawo, ko kayan makaranta ba ta cire ba ta tsare kakarta: "Hajiya, idan damina ta wuce ina shamuwa take tafiya?" Hajiya ta ce gida take komawa. "Ina ne gidan?" Tsohuwa ta yi dariya ta ce a je a tambayi malama. Dukanmu mun tashi muna ganin shamuwa a kan bishiyar gari, mun san zuwanta alamar ruwa ya kusa, amma mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa yin wannan tambayar?

Amsar kuwa darasi ne guda. Shamuwa a nan take sheƙa, a nan take ƙyanƙyasa. Idan ruwa ya ɗauke sai ta nausa kudu, har ƙasashen Zambiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, inda tasu daminar ke kankama wajen watan Nuwamba. Ba ita ke kawo ruwa ba, bin sa take yi, domin inda aka yi ruwa nan fara da tsutsa suke, su ne abincinta. Yaron da ya gane wannan ya gane cewa lokacin da muke hunturu wasu suna damina, ya gane yadda abinci ke juya rayuwar dabba. Duk daga labarin da kuka ce ɓata lokaci ne.

Kada wani ya zo min da zancen manhaja. Abubuwa masu rai da muhallinsu suna cikin abin da ake koyarwa a firamare, ba a kuma ce dole sai da alli ba. Jarrabawa? Wanda ya fahimta ba ya faɗuwa a tambayar da mai hadda ya ci.

Sai masu cewa littafin Turawa ne, ina ruwan yaranmu da tsuntsayen Turai. Wannan ce ta fi ba ni haushi. Malam, tsuntsayen nan wajenka suke zuwa! Je ka fadamar Baturiya a Jigawa ko Dagona a Yobe lokacin hunturu ka gani. Sanyi ne ke kashe musu ƙwari a can, sai su tara kitse a jiki, su ƙetaro Sahara, su sauka a dausayin Hadejia da Nguru. Manyan cikinsu ma ba sa son bi ta saman teku, domin iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa ita ke ɗaga su sama ba sai sun yi ta kaɗa fiffike ba, shi ya sa suke taruwa ta mashigar Jibraltar, tsakanin Sifaniya da Maroko, inda ruwan yake da ƙunci. Ga darasin iska nan a kyauta.

Su kansu Turawan sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke tafiya ba. Har akwai masu cewa tsattsewa a cikin taɓon kududdufi take kwana sai sanyi ya wuce. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, da shi ta yi tafiyar nan duka. Tana nan a ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 kuma wani malamin makaranta a Denmark, Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa don a san inda suke zuwa. Malamin makaranta fa. Da a wajenmu ne, da tuni an kira shi ofis.

Wallahi ba don raini nake faɗa ba. Na san iyaye da gumi suke biyan kuɗin nan, kowa yana tsoron ɗansa ya tashi a banza. Amma malamar da ta sa yarinya 'yar shekara tara ta hana kakarta sakat da tambaya, godiya ta cancanta. Ba hadda ta koyar ba, kimiyya ta koyar.

Ni yanzu ma da marubutanmu nake. Na zagaya wajen masu sayar da littattafai neman na yara da Hausa a kan shamuwa ko belbela, na dawo hannu rabbana. Na soyayya kuwa ga su nan jibge, na ɗaya, na biyu, har na biyar, Alhaji ya ga yarinya a bakin titi ya tsayar da mota. Ku da kuke iya rubuta shafi ɗari uku a kan kishiya, shafi ashirin da hotuna ne ya gagare ku?