"Kada a gaya masa, zai karaya"

Ranar da za a yi wa maiɗakina aikin cire tsakuwa a ƙoda a wani asibiti a nan Birmingham, na gyara zama zan yi tafinta, don a lokacin Turancinta bai nuna ba. Likitar ta yi min godiya, ta ce asibiti yana da nasa. Ta latsa waya, sai ga muryar wata mata ta yi sallama da Hausa raɗau. Daga nan aka roƙe ni in ɗan ba su wuri. Na fita ina cika ina batsewa. Matata ce fa, ni na kawo ta ƙasar, amma ni ne bare?

Da muka koma gida na ce, "To me aka tattauna da ba a so in ji?" Ta ce an zana mata ƙodar a takarda, an nuna mata inda tsakuwar ta maƙale, an lissafa mata abin da kan biyo bayan aikin, daga zubar jini har zazzaɓi, da abin da zai faru in ta ƙi. An ce ko ta sa hannu, in ta fasa a bakin ƙofar tiyata ba mai taɓa ta. "Kuma Abban yara, har tambaya ta aka yi ko wani ne ya matsa min." Ta kalle ni ta fashe da dariya. Ni ban yi ba, don Kawu ne ya faɗo min a rai.

Kawu ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, irin mutanen da rabin lissafinsu a ka yake. Da ciwo ya kwantar da shi a wani asibiti a Kano, sakamakon gwaji ya fito, likita bai tsaya a gadonsa ba. Ya yafito 'ya'yansa zuwa baranda ya ce ciwon daji ne a hanta, kuma ya yi nisa. Babban Yaya ya ce, "Kada a gaya masa, zai karaya." Kowa ya amince. Ni ma da aka kira ni a waya cewa na yi hakan ya fi. Muka shafe wata biyu muna ce masa gyambon ciki ne. Ranar da na yi magana da shi ta ƙarshe ya ce, "Ɗan nan, kowa ya shigo sai ya yi ta min murmushi, likita kuma ba ya haɗa ido da ni." Na ce, "Kawu, ai jiki da sauƙi." Ya ce, "To, Allah ya sa."

Ya rasu bai yi wasiyya ba. Akwai amanar mutane a hannunsa, akwai masu riƙe da kayansa da shi kaɗai ya san su, akwai ƙanwarsa da suka yi shekaru ba sa ga-maciji. Har yau ba a gama warware rigimar shagon ba. Mu da aka karantar da mu tun a Islamiyya cewa bai kamata mai abin yin wasiyya ya kwana biyu ba a rubuce take ba, mu ne muka hana shi sanin cewa lokaci ya ƙure. Mun kira abin tausayi. Yanzu ina ganin kanmu muka tausaya wa, don ba mai iya zama gabansa ya furta.

Wani zai ce na sha ruwan Turai ne. To bari in tuna mana abin da rashin tambayar mara lafiya ya jawo a garinmu. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe dubban mutane a Arewa. Kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Zana ya gwada sabon magani, Trovan, a kan yara. Yara 200 aka ɗiba, aka ba wa kusan rabi Trovan, sauran aka yi musu allurar ceftriaxone. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi ɓarnar, kuma ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun amince da baki. Iyayen suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne, ba kuma wanda ya ce musu a cikin asibitin nan likitocin agaji na MSF suna ba da sanannen magani kyauta. Sai a ƙarshen 2000 jaridar Washington Post ta tono zancen, daga baya aka gano cewa takardar izinin gwajin daga kwamitin ɗa'a na asibiti da aka nuna an rubuta ta ne bayan an gama gwajin, aka mayar da kwanan wata baya. A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Iyalai huɗu na farko ba su ga diyya ba sai 2011, bayan gwajin ƙwayoyin halitta (DNA) na tabbatar da dangantaka.

Kuɗin da aka biya kaɗan ne a kan abin da ya biyo bayan gwajin. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna, ba a dawo da shi ba sai tsakiyar 2004. Zargin cewa an sa maganin hana haihuwa a ciki bai tabbata ba, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Cutar ta sake bazuwa har Sudan da Yaman da Indonesiya. Yaran da suka shanye a shekarun nan yanzu magidanta ne, muna ganin su a kan kekunan guragu a bakin danja.

Ba wai Bature ya fi mu tsoron Allah ba ne. A 2024 aka fitar da rahoton bincike a nan Birtaniya kan gurɓataccen jinin da aka ƙara wa mutane a shekarun 1970 da 1980. Sama da mutum 30,000 suka kamu da ƙanjamau ko ciwon hanta, kimanin 3,000 suka mutu, kuma an yi ta rufa-rufa shekara da shekaru. Bayanin da aka yi wa matata ma ba kyauta suka ba da shi ba. Wata mata mai ciwon suga ce ta kai ƙara, don ba a gaya mata haɗarin da ke cikin haihuwa da kanta ba har ɗanta ya samu naƙasa, kuma a 2015 kotun ƙoli ta ce dole likita ya faɗi duk haɗarin da mai hankali zai so ya sani. Sun ƙone ne suka koyi tsoron wuta. Mu ma mun ƙone, har doka muna da ita: dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta a yi wa mara lafiya bayani da harshen da yake ji. Amma je ka ɗakin haihuwa, za ka tarar da mace tana naƙuda mai tsanani, ita da hankalinta, ana cewa ba za a shiga da ita ba sai mijinta ya zo ya sa hannu, shi kuma yana Dawanau wayarsa a kashe.

Na san uzurin likitocinmu. Wanda layi ya kai masa har waje tun asuba, ga abokan karatunsa sun tsere Saudiyya da nan Ingila, ina zai samu minti ashirin na zane a takarda? Na kuma san abin da muke da shi wanda su ba su da shi. A Kano mara lafiya ba ya kwana shi kaɗai. Ga mai jinya a tabarma a gindin gado, ga kuloli na kunu da farfesu, ga 'yan dubiya har sai nas ta kore su. A nan na ga tsoho ya yi mako a gado ba wanda ya leƙo shi. Ba na fatan mu musanya wannan da takardar sa hannu. Dangin su zauna, a yi maganar a gabansu, amma da mai jikin za a yi ta. In shi ya ce ba ya son ji, a gaya wa ɗansa, wannan zaɓinsa ne.

Da na je gida da ƙaramar sallah, an rubuta wa Hajiyarmu wasu gwaje-gwaje. Kafin mu tafi karɓo sakamako na zauna kusa da ita, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, "Hajiya, in an ga wani abu, ke za a gaya wa ko Yaya?" Ta ajiye carbinta ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ashe kun san abin da kuka yi wa ƙanena." Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Ni za a gaya wa. Amma ka ce da likitan ya samu kujera ya zauna, kada ya faɗa min a tsaye."