Tukwane uku a barandar maƙwabcina

Ɗan ƙanwata ya turo mini saƙon murya daga Katsina, da ji a majalisa yake don ana ta shewa a bayansa. "Kawu, wai da gaske ne a Jamus mutum na shuka wiwi a gidansa, hukuma ba ta ce masa kanzil? Ashe dai magani ce, mu aka bari a baya."

Rabin zancensa gaskiya ne. Tun ranar 1 ga Afrilun 2024 doka ta yarje wa wanda ya kai shekara 18 ya shuka tushe uku a inda yake zaune, ya ajiye busasshiya da ba ta wuce giram 50 ba. Maƙwabcina a nan Hambug yana da nasa ukun a baranda, kullum yana lallaɓa su kamar 'yan tayin goyo. Sai dai ban taɓa jin ya kira su magani ba. Nishaɗi yake nema, kuma bai ɓoye wa kowa ba.

Ta magani hanyarta daban, ta ma girmi wannan doka, don tun 2017 aka buɗe ta. Likita ke rubutawa, a karɓo a kantin magani, an auna yawan THC, sinadarin da ke bugarwa, an auna na CBD da ba ya bugarwa. Daga CBD ɗin ake yin wani mai da ake ba yara masu farfaɗiyar da ta gagari sauran magunguna. Ita wiwin kuma ana rubuta wa masu ciwon daji da amai ya addaba saboda ƙarfin maganin asibiti. To ina haɗin wannan da ƙullin da ake saye a kango bayan magariba, wanda shi kansa dilan bai san me ke ciki ba? Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 10.6 ke shan wiwi a Najeriya. Ba farfaɗiya ke damunsu ba. Wanda ya tashi a Katsina ya ga kauraye, ya kuma ga yaron kirki da aka wayi gari yana surutai shi kaɗai. Tun kafin a zo kan NDLEA da gidan yari ke nan.

Ni abin da ke ba ni kishi a nan ba tukwanen maƙwabcina ba ne. Bajamushe zai yi shekaru a layi yana jiran a ba shi ɗan fili ya shuka tumatir da latas. Mu kuwa da muke da shi kyauta mun shafe da siminti. A gidanmu na Ƙofar Marusa, bayan ɗakin Inna, akwai zogale da rama da yakuwa, ga lalle a jikin katanga, ga tazargade. Ruwan wanke-wanke kawai suke sha. Zazzaɓi ya kama yaro, a tafasa ganyen darbejiya a turara shi. In bai sauka ba, Inna da kanta za ta ce a tafi asibiti, don ta san iyakar ganyenta.

Na ce wa yaron ya leƙa ya gano mini ko zogalen nan na nan. Da yamma ya amsa: "Kawu, ai tun bara aka sare, nan ne aka fitar da shagon cajin waya."