"Ko bai yi magani ba, ai ba zai cutar ba"

Akwai wata magana da masu tura saƙonnin lafiya suke fakewa da ita duk lokacin da aka tambaye su inda suka samo abin da suka tura: "Ni ma haka aka turo mini, kuma ko bai yi magani ba, ai ba zai cutar ba." A ganina wannan uzuri ya fi ita ƙaryar kanta haɗari, domin shi ne yake mayar da mutumin kirki ɗan aiken maƙaryaci ba tare da zuciyarsa ta dame shi ba.

A watan Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shiga Najeriya, wani saƙo ya karaɗe wayoyi cikin dare ɗaya cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa suna kare mutum daga cutar, har mutane suka riƙa tashin 'yan'uwansu daga barci don kada damar ta wuce su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa aƙalla mutum biyu sun rasu saboda shan ruwan gishirin, a ƙasar da Ebolar kanta mutum takwas ta kashe. Sabo da gishiri ne ya cire wa mutane tsoronsa, alhali idan ya yi yawa a jiki yana ta da hawan jini, yana kuma janye ruwa daga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. A Iran ma, a 2020, ɗaruruwan mutane sun mutu, wasu sun makance, bayan sun sha barasa mai gubar metanol bisa jita-jitar cewa tana kashe ƙwayar korona.

Waɗannan an ƙirga su ne saboda sun faru a tare. Ɓarnar da ta fi yawa ita ce wadda ake yi ɗaya bayan ɗaya a ɓoye. Mai hawan jini ya ga bidiyon da ya yi masa alkawarin warkewa kwata-kwata cikin mako biyu, sai ya ajiye ƙwayoyinsa a aljihun tebur. Da yake hawan jini yakan daɗe bai nuna alama ba, sai ya ji garau, har ya ba da shaida a zauren WhatsApp cewa ya gwada kuma ya dace. Ranar da ɓarin jikinsa ya shanye, babu wanda zai koma zauren ya goge waccan shaidar, kuma za a ci gaba da tura ta.

Gane irin wannan saƙo ba ya buƙatar karatun likita. Yawanci magani ɗaya ne a cikinsa yake warkar da ciwon suga da daji da rashin haihuwa, an jingina shi ga "wani babban likita" marar suna da asibiti, an ce hukumomi suna ɓoye shi, sannan an rufe da umarnin a tura da gaggawa kafin a goge. Idan akwai lambar waya a ƙarshe, to talla ce. Tun daga Afrilun 2020 WhatsApp ya taƙaita tura saƙon da aka riga aka tura sau da yawa zuwa wuri ɗaya a lokaci guda, kuma yana sa masa alamar kibiya biyu. Yawan hannun da saƙo ya bi ba ya ƙara masa gaskiya ko kaɗan.

Farar riga ma ba hujja ba ce, balle yanzu da ake iya kwaikwayon fuskar likita da muryarsa da kwamfuta. Andrew Wakefield likita ne na gaske, kuma a mujallar likitanci ta The Lancet ya buga bincikensa na 1998 da ya danganta allurar rigakafin ƙyanda da larurar otizim, wadda take shafar yadda yaro yake magana da mu'amala da mutane, bisa nazarin yara 12 kacal. A 2010 mujallar ta janye binciken, aka kuma soke lasisinsa a Birtaniya. Wani bincike da aka buga a 2019 ya bi yara fiye da 650,000 a Denmark bai sami wata alaƙa ba, amma har yau maganar tana yawo.

Kada a ɗauka ina ƙyamar maganin da aka samo daga tsirrai. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake dogaro da shi a yau, atemisinin, daga ganye aka samo shi, kuma Tu Youyou ta ƙasar Sin ta karɓi kyautar Nobel a kansa a 2015. Sai dai an tace shi, an gwada shi, an san adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa. Kuma ma'aikatan lafiya su sani cewa majinyacin da aka sallama cikin minti biyu ba tare da bayani ba, wajen wayarsa zai koma neman amsa.

Game da gyara kuwa, na fi ganin a yi shi a wurin da aka yi kuskuren, domin idan an bi mai turawa ta bayan fage kawai, sauran 'yan zauren sun tafi da ƙaryar. A fara da gaskiyar magana a taƙaice, a haɗa da shafin Hukumar Lafiya ta Duniya ko na ma'aikatar lafiya, kuma kada a sake tura bidiyon ƙaryar da sunan gargaɗi, domin da yawa bidiyon za su kalla su tsallake rubutun. Idan babba ne ya turo, a ce masa: "Baba, Allah Ya saka da alheri, amma na duba, hukumar lafiya ta ce wannan ba haka yake ba, kuma yana iya cutar da mai hawan jini." Daga nan sai a roƙe shi ya goge saƙon, ya kuma sanar da sauran zaurukan da ya riga ya tura wa.