In babu Allah a wurinsu, mi ya sa bakinsu ba ya rabuwa da zancensa?

Daren Asabar a fadarmu ta unguwar Zariya, an ɗauke wuta, muna jiran shayi na biyu ya nuna, sai ɗan yayata da ke tarminal, ajin ƙarshe na sakandare, ya miƙo mini wayarsa mai tsagaggen gilashi. "Kawu, dubi wanga mutum, kullum sai ya rubuta wai babu Allah. To in babu, mi ya dame shi da zancen?" Kafin in buɗe baki mai dafa shayin ya riga ya yanke hukunci, ya ce arne ne kawai, a bar shi da halinsa. Kowa ya yi na'am aka koma hirar ƙwallo. Ni kam na ga yadda yaron ya maida wayar aljihu a sanyaye, na san bai gamsu ba.

Da farko dai mutumin ba arne ba ne, kuma mu ƴan Maradi mu ya fi kamata mu san haka. Annan da suka rage a ƙauyukan Katsina da Gobir, masu yanka wa iskoki, ba su taɓa cewa babu Allah ba, sun san shi suna rantsuwa da shi, sun dai ɗauka sai an bi ta hannun wasu. Kirista ma ya yarda da Mahalicci. Wanda ake magana a kansa shi ne mulhidi, wanda ƴan lakwal ke kira "ate" da Faransanci, kalmar kuwa asalinta Girkanci ne, ma'anarta marar abin bauta. Su ma ba kansu ɗaya ba. Akwai mai cewa kai tsaye babu, akwai mai cewa shi dai ba a kawo masa hujjar da ta gamsar da shi ba, akwai kuma mai cewa ɗan Adam ba zai iya sani ba sam, wanda wani Baturen Ingila Thomas Huxley ya raɗa wa irinsu suna "agnostik" a 1869. Yaron da ya yi sakaci da salla ko ya yi tambaya mai nauyi ba ya cikin ko ɗaya daga cikinsu, amma mu duk kuɗin goro muke musu. Wannan jifa da suna tsohon hali ne, Rumawa ma da kalmar nan suka dinga kiran Kiristocin farko don sun ƙi bauta wa gumakansu.

Kuma a daina cewa Facebook ne ya kawo abin ko Turawa. Alƙur'ani da kansa, a aya ta 24 ta Suratul Jasiya, ya kawo maganar masu cewa babu wata rayuwa sai ta duniya, ana mutuwa ana rayuwa, zamani ne kawai ke halaka mutum. Malamai suka kira su Dahriyya, Imam Gazali da ya rasu a 1111 ya yi bayaninsu ya yi musu raddi. Almajirai da yawa sun san labarin da ake bayarwa na Imam Abu Hanifa da misalin jirgin ruwan da ba zai tuƙa kansa ba babu matuƙi. Ko ma yaya labarin yake, abin da ya nuna shi ne malaman da zama suke da masu wannan ra'ayi, su ji hujjarsu, su amsa.

To mi ya sa suke ta zancen? Mu kan yi tambayar nan kamar mun kama su a hannu, wai da ba su yarda a zuci ba da sun yi shiru. Wallahi hujjar ba ta da ƙarfin da muke zato. Malamin da ya kwana yana wa'azi a kan bokaye da ƴan tsibbu, yarda ya yi da su? Mutum yana yawan maganar abin da yake ƙaryatawa idan abin ya kewaye shi. A Nijar, ƙidayar 2012 ta nuna sama da kashi 99 cikin 100 Musulmi ne. Gaisuwarmu da sunan Allah, ciniki a babbar kasuwa in tayi bai yi ba "albarka" za a ce maka, suna, ɗaurin aure, rabon gado, jana'iza, har kabu-kabu in zai tashi sai ya yi bisimilla. Wanda ya ce bai yarda ba tun kiran asalatu yake karo da abin da ya ƙi har ya kwanta, dole bakinsa ya motsa. A ƙasar da babu mai tambayarka ko ka yi salla, yawancinsu harkar gabansu suke.

Sannan galibinsu daga gidajenmu suka fito, sun yi makarantar allo, wasu har sauka, sun yi azumi tun suna ƙanana. Irin wannan in yana gardama ba da kai kaɗai yake ba, da ubansa yake, da malaminsa, da kansa ma. In ka yi haƙuri ka saurara sau da yawa za ka tarar wani ciwo ne a ƙasa, ko mutuwar da ta girgiza shi, ko zaluncin da ya gani an yi da carbi a hannu, ko mai wa'azin da ya ci amanarsa. Wannan bai mayar da ra'ayinsa gaskiya ba, ni Musulmi ne kuma ayar Suratuɗ Ɗur mai tambaya ko an halicce su ne ba daga komai ba, ko su ne masu halittar, ta ishe ni. Amma mutumin da har yanzu yake zancen Allah bai gama rufe ƙofa ba, shi ya fi sauƙin kamowa a kan wanda ya yi gum yana bin sahu don tsoron jama'a.

Akwai kuma masu zagi da gangan don a yi ta yaɗa su, ba na kare su, cin mutuncin abin da mutane ke so fiye da ransu ba neman gaskiya ba ne. Sai dai mu duba nan kusa da mu, a Kano kotu ta yanke wa Mubarak Bala, wani mulhidi da aka tuhuma da ɓatanci ga addini a Facebook, ɗaurin shekara 24 a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5 a 2024, duk wannan bai goge tambaya ko ɗaya daga wayar yaranmu ba. Can Albaniya kuma gwamnatin gurguzu ce ta rufe masallatai da coci-coci gaba ɗaya a 1967, bayan shekara ashirin da ƴan kai mutane suka koma ibadarsu. Ƙarfi bai taɓa shiga zuciya ya sa ko ya cire ba.

Abin da ke hana ni barci yaranmu ne na lise, wato babbar sakandare. A tarminal dole su yi filo, wato darasin falsafa, su karanta masu sukar addini irin su Karl Marx da Nitshe don su ci bak, jarrabawar gama sakandare, su dawo gida kansu cike da tambaya, in ɗaya ya kuskura ya furta sai mari ko "a'uzu billahi, ka fara lalacewa". Alhali a Sahih Muslim sahabbai sun je wa Annabi (SAW) sun ce suna jin abin da ya fi ƙarfin su furta a zukatansu, bai kore su ba, ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Annabi Ibrahim (AS) ma ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu don zuciyarsa ta natsu.

Washegari na je gidan yayata, na jawo yaron zaure mu biyu, na ce faɗi abin da ke ranka ba mai dukanka. Ya daɗe yana murza bakin tabarma, sannan ya ce, "Kawu, ƙanwata da zazzaɓin cizon sauro ya kashe da daminar bara, shekararta huɗu, laifin mi ta yi?" Ashe ba mutumin wayar ne ya dame shi ba. Na faɗa masa ɗan abin da na sani a kan ƙaddara da jarrabawa, ban ɓoye masa cewa ni ma na yi kukan yarinyar ba. Akwai wani dattijon malami a unguwarmu da ba ya tsawa in an tambaye shi, mun yi da yaron ranar Alhamis bayan la'asar zan kai shi, na ce ya rubuto tambayoyinsa duka a takarda kada ya rage ko ɗaya.