Ma'aunin guguwar Amurka da rufin kwanonmu a Garwa

Idan hadarin farkon damina ya haɗo daga gabas a Garwa ta arewacin Kamaru, iska ke riga ruwa isowa. Ƙura ta turnuƙe, mata su kwashe shanya da gudu, kwano ya fara kuka a kan ɗakuna. Washegari masu labarai da Faransanci su ce tornade ta yi ɓarna a unguwa kaza. Sai dai tamu galibi iska ce mai tafiya a miƙe a gaban hadari. Wadda Amurkawa ke kira da wannan suna mahaukaciyar guguwa ce mai jujjuyawa, tana saukowa daga cikin gajimare kamar mazurari har ta taɓa ƙasa. Duk da bambancin, akwai abin da labarinta ya koya mini game da gidajenmu.

Amurka ta fi kowace ƙasa yawan irin wannan guguwa, kusan 1,200 a shekara. A 2011 kaɗai ta kashe mutum fiye da 550, 158 daga ciki a garin Joplin na jihar Missouri a yammaci ɗaya. Suna da ma'aunin ƙarfinta wanda Ted Fujita na Jami'ar Chicago ya fito da shi a 1971, aka gyara shi a 2007, daga EF0 zuwa EF5. Mataki na ƙarshe yana nufin iskar da ta wuce kilomita 320 a sa'a.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ma'aunin ba iskar yake aunawa kai tsaye ba. Sai ta wuce masana ke zuwa su duba abin da ta rushe, su ƙiyasta ƙarfinta daga ɓarnar. A ranar 31 ga Mayun 2013 guguwar El Reno a Oklahoma ta kai faɗin fiye da kilomita 4, na'urar rada ta hango iska mai gudun kusan kilomita 480 a sa'a a cikinta, amma EF3 aka ba ta, don yawanci fili ta bi, ba ta sami gini mai ƙwari da za ta karya ba. Kwana goma sha ɗaya kafin nan ta garin Moore ta sami EF5, ta kashe mutum 24. Daga ita aka yi shekara goma sha biyu ba a sake ba wata EF5 ba, sai ta Enderlin a Dakota ta Arewa a 2025. A tsakanin nan ne kuwa wadda ta ratsa Mayfield a Kentucky cikin Disambar 2021, mai EF4, ta hallaka mutum 57. Mafi kisa a tarihi ma ba a Amurka ta auku ba, a Bangaladesh ne cikin 1989, inda kimanin mutum 1,300 suka rasu a ƙauyuka masu gidajen kwano da kara.

Lambar da aka liƙa wa guguwa ba ta faɗin yawan gawa. Irin ɗakin da ta tarar da mutum a ciki, da ko an gargaɗe shi, su ke yanke wannan. A Amurkar ma, mazauna gidajen tafi-da-gidanka marasa tushe su suka fi mutuwa.

Mu nan ba sai iska ta kai rabin ƙarfin waɗannan take yi mana ɓarna ba. Bara na tsaya a tsakar gidan maƙwabcinmu bayan wata iskar dare. Rufin ɗakin matarsa yana kwance a gidan baya, ƙusoshin sun fito da katakon da gara ta riga ta cinye, buhun gero ya jiƙe sharkaf, littattafan yara sun manne da juna. Allah ya taƙaita, kwanon bai sari kowa ba. Da na tambayi kafintan da ya zo gyara, sai ya ce, “Malam, mai gida ne ke cewa a rage ƙusa, a sayo kwano mai arha. Ni me zan ce?” Ban ga laifin mai gidan ba, na san abin da ke aljihunsa. Amma duwatsu da tsofaffin tayoyin da muke ɗorawa kan rufi shaida ce cewa mun san aikin bai kama ba.

Za a ce ƙaddara ce, kuma haka ne, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi. Ɗaure katako da ƙarfe a jikin bango bai kai kuɗin sabon rufi ba. Makarantu da kasuwanni, inda jama'a ke taruwa, ya kamata magajin gari ya sa a duba rufinsu tun watan Maris. Kamfanonin waya da ke aiko mana talla dare da rana za su iya aiko da gargaɗin masu hasashen yanayi, da Hausa da Fulatanci, har Marwa da Kusiri. Kuma a riƙa rubuta ɓarnar kowace iska, unguwa-unguwa, rufi nawa da rai nawa, don a san inda za a fara gyara kafin hadarin baɗi.